Yadda za ka zaɓi faffaɗan haruffa masu kauri don tambari da allon shago a Yamai

Mai wucewa bisa babur ko cikin taksi ta gaban shagonka a Wadata, ko Bukoki, ko Yantala, ba ya tsayawa don ya karanta allo. Kallo ɗaya yake yi, abin da idonsa ya ɗauka a wannan ƙiftawar shi ke nan. Wannan ne ya sa masu zanen tambari suka raja'a a kan wani salon haruffa mai kauri da faɗi, wanda aka gina daga da'ira, murabba'i da miƙaƙƙen layi. Kana ganinsa a kwalin kaya, a rigunan ƴan ƙwallo, a kanun labarai na Facebook. Yana da kwarjini ƙwarai, ni ma ina son sa. Sai dai yana cin wuri, kuma akasarin waɗanda suka zana irinsa ba su taɓa tunanin ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ina ganin lokaci ya yi da za mu daina rataye alluna masu Hausa gurguwa. Jagorar nan ta wanda zai yi aikin da hannunsa ce, har da wanda zai ciro kuɗinsa a yi masa.

Mataki na farko: ka san abin da kake kallo

Tushen wannan salo yana Jamus. A 1927 Paul Renner ya fitar da salon haruffan da ake kira Futura, inda O ta zo kamar da'ira, A kuma kamar kusurwa uku mai tsini. Futura ce a jikin farantin ƙarfen da ƴan Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969. Ɓangaren faɗi kuwa daga Italiya ya yi suna: Microgramma ta fito a 1952, sannan a 1962 Aldo Novarese ya fitar da Eurostile, wadda O ɗinta ta fi kama da murabba'i mai lanƙwasassun kusurwoyi, irin fuskar tsohuwar talabijin. Daga baya Gotham ta Tobias Frere-Jones ta fito a 2000, ta shahara a yaƙin neman zaɓen Barack Obama na 2008, ita kuma Montserrat ta Julieta Ulanovsky, wadda ta samo fasalinta daga tsofaffin allunan wata unguwa ta Buenos Aires, ta zama ruwan dare saboda kyauta ce.

Amfanin sanin wannan shi ne ka gane dangi biyu ne. Mai da'ira yana da laushi da fara'a, ya dace da abinci, ɗinki, kayan yara, lakwal. Mai murabba'i yana da kaushi da ƙarfi, ya dace da gareji, kayan gini, sola, gyaran salula. Ka yanke dangin da za ka shiga tun kafin ka fara duba ɗaruruwan samfura, in ba haka ba yini zai ƙare ba ka zaɓi komai ba.

Akwai wani sirri da ke bambanta zanen gwani da na koyo. O mai kyau ba cikakkiyar da'ira ba ce. Gefunanta na tsaye sun ɗan fi sama da ƙasanta kauri, kuma tana ɗan zarce layi ta sama da ta ƙasa, domin idan aka daidaita ta da H da ma'auni, ido zai gan ta ƙarama. Ka rubuta HOHO da babban girma ka duba. Idan O ta yi kamar ta tsuke, ko sandar da ke kwance a tsakiyar H ta yi nauyi fiye da na tsaye, ka bar wannan samfurin.

Mataki na biyu: ka auna allo, ka ƙirga haruffa

Wannan matakin ake yawan tsallakewa, alhali shi ke nuna ko salon ya dace da kai tun farko. Faffaɗan harafi kamar mai babbar riga ne a kan benci: idan ya zauna, sai an rage yawan mazauna. Faɗin allonka ba ya ƙaruwa, don haka duk faɗin da harafi ya ci, daga tsawonsa ake cirewa.

Ga lissafi. A ce allonka mita 3 ne. Ka bar santimita 20 fanko a kowane gefe, saura 260. Idan sunan yana da haruffa 6, kowane harafi da tazararsa zai sami wajen santimita 43, kuma a salo mai faɗi tsawonsa zai kai wajen 38. Idan sunan haruffa 14 ne a layi ɗaya, kowane zai sami kamar 18, tsawonsa ya dawo wajen 16. Masu aikin alluna suna da wata ƙa'ida ta kimantawa: kowane santimita 2 da rabi na tsawon harafi yana ba da karatu mai daɗi daga nisan mita 3. Ke nan na farko za a karanta shi sarai daga wajen mita 45, na biyu kuwa bai kai mita 20 ba. A bakin babban titi mai hannu biyu, wannan bambanci ne tsakanin wanda ya gan ka da wanda ya wuce.

Saboda haka, idan sunan ya wuce haruffa 8 ko 9, ko dai ka raba shi layi biyu, ko ka ɗauki kalma ɗaya ka ba ta faffaɗan salon, sauran su koma ƙanana a ƙarƙashinta. Mai kilishi, kalmar KILISHI ce za ta ci allo. Mai sayar da albasar Galmi, ALBASA ko GALMI. A nan ne gardama ke tashi da mai shago, domin yakan so a sa cikakken sunansa, da "et fils", da jerin duk abin da ke cikin kanti, da lambobin waya uku, duka da girma ɗaya. Kada ka yi masa musu da baki. Ka ce, "Alhaji, a yi haƙuri a duba waɗannan biyun daga ƙetaren titi," ka buga duka biyun a takarda ka manna a bango. Gani ya kori ji.

Kada ka taɓa kama harafi na yau da kullum ka ja shi gefe da linzamin kwamfuta don ya yi faɗi. Idan ka ja, sandunan tsaye suna kumbura, na kwance suna nan siriransu, O ta koma kamar an take ta. Alluna da yawa a gari da haka aka yi su, shi ya sa suke gajiyar da ido ko da mutum bai san dalili ba. Ka nemi samfurin da tun asali an zana shi da faɗi. A jerin salon haruffa na kwamfuta, wanda ke ƙarƙashin Police idan manhajarka da Faransanci take, za ka ga irinsu da ƙarin kalma a bayan suna, kamar Eurostile Extended ko Druk Wide. Cikin na kyauta akwai Michroma, Krona One, Unbounded, Syne a kaurinta na ƙarshe, da Archivo wadda ake iya ƙara mata faɗi ta hanyar da mazananta suka tsara.

Mataki na uku: ka gwada shi da Hausa kafin ka ƙaunace shi

Nan ne zuciyar aikin. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar tana da haruffa huɗu masu ƙugiya, manya da ƙanana: Ɓ ɓ, Ɗ ɗ, Ƙ ƙ, Ƴ ƴ. Na ƙarshen namu ne a nan, ƴan'uwanmu na Najeriya sukan rubuta shi da waƙafi a sama kafin y. Samfuran talla da yawa ba su ɗauke da ko ɗaya cikin takwas ɗin nan. Idan babu harafin, abu biyu ke faruwa. Ko dai wani ɗan akwati fanko ya fito a gurbinsa, wannan da sauƙi tunda za ka gani. Ko kuma kwamfuta ta ari harafin daga wani salo dabam ba tare da ta gaya maka ba, sai ka ga siririyar Ƙ ta tsaya a gaban kakkauran haruffa. A fuskar waya abin ba ya fitowa sosai, sai an buga shi a leda mai mita 3 ake kama baki.

Wasu sukan gudu daga matsalar su cire ƙugiyar gaba ɗaya. Ban yarda da wannan ba. Wanda ya rubuta KASA a inda yake nufin ƘASA ya rubuta wata kalma ce dabam, kuma yaron da ke koyon karatu da allunan titi haka zai ɗauka daidai ne.

Ga yadda za ka gwada. Da farko ka tabbatar kana iya rubuta haruffan: a waya ka ƙara Hausa a cikin Gboard, allon madannan rubutu na Google, a kwamfuta kuma Keyman, manhajar kyauta ta ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, tana yi. Idan ta lambobi ne, a tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, Ɓ tana 0181, ɓ 0253, Ɗ 018A, ɗ 0257, Ƙ 0198, ƙ 0199, Ƴ 01B3, ƴ 01B4. A cikin Word, idan ka rubuta lambar ka danna Alt da X tare, harafin zai fito. Sannan ka ajiye layin gwaji guda wanda za ka riƙa mannawa a kowane samfuri:

ƘOSAI DA ƊANWAKE, ƁAWON GUJIYA, ƳAƳAN ITACE, ƙosai, ɗanwake, ɓawo, ƴaƴa

Shafin Google Fonts yana ba ka gurbin da za ka zuba naka rubutun ka ga yadda kowane samfuri zai nuna shi. Ka ƙara girman sosai, ka dubi ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Kaurin ƙugiya ya yi kusa da na sauran jikin harafin. Bakinta ya zama an yanke shi kamar yadda aka yanke bakin c da f a wannan salon. Kada ta yi ƙanƙanta har Ɗ ta zama D daga nesa, kada kuma ta miƙe har ta taɓa maƙwabcinta. Babbar Ɗ da babbar Ɓ ƙugiyarsu hagu take leƙawa, don haka idan suka zo farkon layi sai ka ga layin kamar ya shige ciki. Ka ɗan turo shi hagu da hannu har gindin harafin ya daidaita da na layin ƙasa.

Yamai gari ne na harsuna da yawa, allo ɗaya yakan ɗauki Hausa, Zabarmanci da Faransanci. Don haka ka ƙara ŋ da ɲ da wasula masu alamar hanci irin ã a layin gwajin, da É, È da Ç na Faransanci. Alamar da ke kan É a manyan haruffa ita ce ta fi saurin cin karo da layin da ke samanta.

To idan samfurin ya kwanta maka a rai amma babu ƙugiya fa? Idan tambari ne kawai, kalma ɗaya ko biyu, kana iya zana ta da hannunka. Ka rubuta kalmar da K ko D, ka mayar da rubutun zane, wato haruffan su koma siffofin da ake iya gyara layukansu, sannan ka ari lanƙwasa daga jikin salon kansa: kan f, ko gindin J ka juya shi. Ka haɗa ta da sandar harafin, ka rage mata kauri kaɗan daga inda ta fara lanƙwashewa, domin inda layuka biyu masu kauri suka haɗu baƙi yakan taru. Manhajar zane ta Inkscape, wadda kyauta ce, ta isa wannan aikin. Amma idan kanun labarai za ka riƙa yi kullum, a shafin jarida ko na gidan rediyo, zanen hannu ba zai fisshe ka ba. Ko ka nemi samfurin da ya zo da haruffan, ko ka ƙara su cikin fayil ɗin da FontForge, manhajar gyaran haruffa, muddin lasisi ya yarda.

Mataki na huɗu: lasisi

A taƙaice. Mafi yawan abin da ke Google Fonts yana ƙarƙashin lasisin OFL na SIL, wanda ya ba ka damar yin kasuwanci da shi da yi masa gyara, da sharaɗin ba za ka sayar da fayil ɗin shi kaɗai ba, kuma wani lokaci sai ka sauya masa suna idan ka gyara. Shafukan da ake sauke haruffa barkatai kuwa, da yawa cikin kayansu an rubuta cewa don amfanin kai ne kawai, tambarin shago bai shiga ciki ba. Monument Extended da matasa ke so, da Druk Wide, na kuɗi ne ga mai kasuwanci. Mazanin harafi ma'aikaci ne kamarka, haƙƙinsa haƙƙi ne. Ka buɗe ƴar takardar lasisin da ke cikin jakar da ka sauke, ka karanta, ka ajiye ta tare da aikin.

Mataki na biyar: tazara

Kwamfuta takan jera haruffa, amma ido ne ke daidaita su. Sunayenmu cike suke da A, W, Y da T, waɗanda su ne suka fi barin rami a tsakaninsu. Ka rubuta WADATA, ko TAWA, ko YAMAI da faffaɗan salo. Za ka ga fili ya buɗe tsakanin W da A, da kuma ƙarƙashin hannun T, alhali M da A da I sun matsu. Aikinka shi ne farin da ke tsakanin kowane harafi biyu ya zama kamar ɗaya a ido, ko da ma'auni ya ce ba ɗaya ba ne.

Hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce duba haruffa uku-uku. Ka rufe sauran da hannu, ka dubi WAD: shin A tana tsakiya? Sannan ADA, DAT, ATA. Bayan haka ka juya takardar kai ƙasa, domin idan kalma ta daina karantuwa, ramukan sukan fito fili. A manhajar zane ta Illustrator, ka sa alamar rubutu tsakanin haruffa biyu ka riƙe Alt kana danna kibiyar hagu ko dama.

Babban rubutu yana son a ɗan matse shi, ƙarami yana son a sake masa. Sai dai allon da za a karanta daga nesa, ko wanda za a sa masa fitila da dare, kada ka matse shi kamar na takarda, domin nisa da haske suna haɗe haruffa. Tsakanin layi da layi kuma, faffaɗan manyan haruffa sun fi kyau idan sun kusanci juna. Ka bar fili kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na tsawon harafin, ka duba ko alamar É ta sami wurin shaƙatawa.

Mataki na shida: abokin tafiya da launi

Wannan salo ba na dogon karatu ba ne. Adireshi, farashi, bayanin kaya, duk su tafi da wani salo mai sauƙi, marar ado, mai faɗi na yau da kullum. Noto Sans da Andika duka suna ɗauke da haruffanmu masu ƙugiya, kuma kyauta ne. Salo biyu sun isa. Lambar waya ka ba ta girma na biyu a allon, ka raba ta biyu-biyu yadda muke faɗar ta, ka kuma tabbatar 1 da 7, da 6 da 8, ba su yi kama da juna ba.

Launi a garin nan da rana da ƙura yake kokawa. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, hazon hunturu kuma yakan lulluɓe komai da ja-ja. Jan tawada da ruwan ɗorawa sun fi saurin koɗewa a rana, baƙi da shuɗi mai duhu sun fi jurewa. Don haka kada ka dogara da ja a kan ruwan goro, ko kore a kan shuɗi. Ka haɗa mai duhu sosai da mai haske sosai. Gwaji mai sauƙi: ka mayar da zanen baƙi da fari a waya; idan sunan ya nutse cikin bango, launin bai yi ba. Inuwa, ƙyalli da zagayen layi kala uku, duk ka bar su. Harafin da kaurinsa ya kai haka ba ya neman ƙarin kaya.

Mataki na bakwai: ƙaramin tambari

Cinikin yau rabi a WhatsApp ake yin sa, hoton shafi kuwa da'ira ce ƴar ƙarama. Doguwar kalma mai faɗi idan ta shiga ciki sai ta zama zare. Ka tanadi tambari na biyu da harafi ɗaya ko biyu na farkon sunan, a tsakiyar da'ira, da fili a kewaye. Shi ne kuma zai je hatimi, da aljihun riga wurin mai aikin surfani na inji, da murfin kwalba. Ka buga shi da faɗin santimita 2 ka duba ko farin da ke cikin A, B da Ɗ yana nan a buɗe. Idan ya toshe, ka sauko zuwa kauri na ƙasa da wannan don ƙananan ayyuka.

Mataki na takwas: miƙa aiki

Kafin ka kai fayil gidan bugu, ka mayar da duk rubutun zane, domin idan kwamfutarsu ba ta da samfurinka za ta musanya shi da wani, ƙugiyoyin ne kuma za su fara ɓacewa. A Illustrator umarnin shi ne Vectoriser, Ctrl da Shift da O. A CorelDRAW, Convertir en courbes, Ctrl da Q. Ka ajiye kwafi ɗaya da ba a mayar ba don gyaran gaba. Launuka su kasance a tsarin CMYK, wato tsarin launin injin bugu, ka bar rarar milimita 3 a gefen abin da za a yanka, kamar katin kasuwanci da takardar manne, ka kai shi a PDF. Kada ka tura tambari a matsayin hoto ta WhatsApp, yana matse shi ya ɓata gefuna. Ka tura shi a matsayin fayil. Ka roƙi a buga maka ɗan yanki da ainihin girmansa kafin a saki duka ledar.

Idan mai fenti ne zai rubuta a bango ko a ƙyauren ƙarfe, kada ka nuna masa hoto a waya ka tafi. Hannunsa ya saba da nasa salon, zai koma gare shi ba da niyya ba. Ka buga haruffan da ainihin girmansu a takardu A3 ko A4, ka haɗa su da salatif, a yanka a zana gefensu da alli a bangon. Ka nuna masa ƙugiyar da yatsa ka ce, "Malam, wannan lanƙwasar cikin harafin take, don Allah kada a bar ta," domin wanda ya koyi sana'ar da rubutun Faransanci zai iya ɗaukar ta kuskuren bugu ne ya gyara maka. Shi ma mai walda a Katako da zai yanka haruffan daga farantin ƙarfe haka za ka yi masa, ka kuma tambaye shi yadda zai riƙe tsakiyar O, A da D idan rubutun hudawa za a yi, tunda sai an bar ƴan gadoji sirara da za su riƙe su.

Kafin a ɗora fenti, ka tsallaka titi ka dubi zanen allin da hantsi, ka sake dubawa da la'asar lokacin da inuwar rumfa ta sauko kan bangon. Idan sana'ar ta kai ta fitar da kaya zuwa Kwatano, Wagadugu ko Abijan, ka yi wa tambarin rajista a hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha, mai hedkwata a Yawunde, ta hannun ofishin da ke wakiltarta a Yamai. Rajista ɗaya tana kare shi a ƙasashe 17 na tsawon shekara 10, kuma ana sabuntawa. Fayil ɗin da za ka kai musu shi ne wanda ka riga ka mayar zane, da kwafin baƙi da fari a haɗe.